Makarantar Zaure

"Daga yau an rufe makarantar zaure," in ji Malam Iliyasu.

Khaulat na durƙushe gaban mahaifinta, ko allin da ke yatsunta ba ta wanke ba. Dawowarta ke nan daga ƙaramar sakandaren da take koyar da Turanci a hanyar Tsanyawa.

"Baba, me Ikrima ya yi?"

"Ƙarya ya yi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce Naziru mai bas ɗin Kano, wanda ya daɗe yana neman izinin zuwa zance wurinta, shi ya kawo labari ɗazu: jarabawar da ɗalibinta Ikrima ke cewa yana shirin rubutawa, ya ci ta tun bara. Naziru ne ma ya ɗauke shi zuwa Ɗanbatta ranar duba sakamako, yana jin sa yana ta hamdala a mota. Don haka ranar Alhamis ta sallami Ikrima, Juma'a kuma Naziru ya fara zuwa.

Ta tashi ta koma ɗaki...

Amma ba haushi ne ya fi cin ta ba. Tambaya ce.

Ikrima ɗan malamin ƙauyen da ke gabas da su ne, yana noman gyaɗa, yana kuma koya wa ɗaliban babansa nahawun Larabci. Tun farkon damina ya fara zuwa duk Alhamis da la'asar, wai Turanci ne ya tsaya masa a wuya. Sai a shimfiɗa tabarma a zaure, Gwaggo Mairo, yayar Baba, ta zauna daga bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, wai ita ce mai gadi.

Kuma kullum tambayarsa wuri ɗaya take komawa: aikatau mai "to" a gabansa.

Ta yi masa bayani har ta gaji. Ta ce "to read", "to go", aiki ne zalla, bai nuna jiya ko gobe ba, bai faɗi mai yinsa ba. Ta nuna masa yadda yake jan wasu kalmomi a bayansa su zama dunƙule guda, kamar "to buy groundnuts in the market". Idonsa ya yi haske, ya ce ashe ɗan'uwan masdari ne a Larabci. A ranar ta san ya gane. Amma wata Alhamis ɗin sai ga shi da tambayar a sabuwar riga: me ya sa ake cewa "allow him to go", amma a ce "let him go", "to" ɗin ta ɓace?

Gwaggo Mairo ma sai da ta haddace. Ta taɓa cewa aikin da ba shi da lokaci ba shi da mai yi, ai shi ne zuwan wannan yaro gidan nan.

Mutane na cewa duk mai ƙarya akwai abin da yake so ya ƙwata. Khaulat ta juya maganar ta ko'ina, ta rasa abin da Ikrima ya ƙwata. Mutum ya bar gonarsa da ciyawa, ya tako a ƙafa cikin taɓo, don ya ji abin da ya riga ya sani? Ta tambayi Gwaggo. Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta ce ilimin boko bai hana mutum zama sakarai.

Ranar Alhamis Ikrima ya zo, littafinsa a hammata.

Ta bar shi ya zauna, ya buɗe shafi, ya gyara murya.

"Rufe littafin, Ikrima."

Ya ɗago kai.

"Ka ci jarabawa tun bara?"

Gwaggo Mairo ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta a bakin ƙofa.

"Na ci," ya ce a hankali.

"To me kake nema a zauren nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Ya ce ranar da ya fara zuwa, da wata magana ya fito daga gida. Sai Baba ya tare shi a ƙofa ya tambaye shi abin da ke tafe da shi, bakinsa ya mutu, ya duba hannunsa ya ga littafin Turanci. Tun daga nan kullum da maganar yake fitowa, in ya zauna ya gan ta sai ya ji kansa yana tambayar wani abu daban.

"Damina guda, Ikrima..."

"Na sani."

"Gobe wani zai zauna inda kake zaune."

Ya ɗago da sauri, fuskarsa ta canza.

"In kana da magana, faɗe ta yanzu. Da Hausa."

Ya saci kallon Gwaggo Mairo.

"Ni kurma ce, ɗan nan," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Gyaɗa nake ɓarewa."

"Ina son ki, Malamata," in ji shi. "Aurenki nake so, tun kafin in san gidanku."

Khaulat ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sannan ta ce ba ita ya yi wa ƙarya da farko ba.

Ya gane. Ya miƙe, ya bar littafin a tabarma, ya nufi gonar da ke bayan gidan, inda Malam Iliyasu ke tsaye kan masu tsinkar gyaɗa. Ta leƙa ta kan danga. A gaban kowa ya cire takalmi ya durƙusa, ya faɗi komai, bai rage ba.

Baba ya saurare shi har ya gama. Daga baya ya ce tsoro ba hujja ba ne, kada ya ƙara. Sannan ya ce da ya buɗe baki tun farko, ai da ya huta da karatu, gonarsa ma da ta ga fartanya. Ya ce ya je ya turo manyansa.

Naziru ya zo ranar Juma'a da sabuwar hula, ya tarar da baffannin Ikrima a zaure.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Washegarin tarewa, tana jera littattafanta a sabon ɗaki, ya tsaya a bayanta yana sosa ƙeya.

"Malamata..."

"Na'am, ɗalibina."

"Wancan na 'let him go' ɗin. Shi kam wallahi har yau ban gane ba."

Ta juyo ta dube shi sosai, ta ga da gaske yake.

"Ɗauko tabarma," in ji ta.