Tsamiyar da ta Faɗa Gonar Maƙwabci

A kasuwar Talata Mafara Mas'ud ya fara ganin Hafiza, tana cinikin atamfa tana dariya. Shi mai zana taswira ne ɗan Bakura, ita kuwa ɗiyar Malam Falalu ce, manomi a Dosara. Kafin damina ta kankama, babur ɗinsa ya saba da hanyar gidansu.

Yakan tura mata saƙo: "Tauraruwata, yau na zana ƙauyuka da yawa, amma idona yana kan Dosara."

Takan amsa: "To mai taswira, kada dai ka ɓata a hanya."

Ana haka sai ƙungiyar manoma ta liƙa taswirar da ya yi ta gonakin yankin. Domin gonaki masu yawa su shiga takarda ɗaya, manhajar kwamfutarsa takan zubar da ƙananan lanƙwasa, ta miƙe layuka da kanta. Iyakar gonar Malam Falalu, inda gamba ta zagaye wata tsohuwar tsamiya, sai ta fito a miƙe, tsamiyar ta faɗa gonar maƙwabci.

Tijjani, wanda shi ma yake neman Hafiza, shi ya garzaya wurin Malam Falalu da labarin, har da ƙarin gishiri.

Malam Falalu ya kasa cin abinci. Ya ce wanda ya yanke masa gona tun kafin aure, me zai yi bayan aure? Ya hana Mas'ud zuwa zance.

Hafiza ta rubuto masa: "Masoyina, Baba ba ƙinka yake ba, tsoro ne. Kakana ne ya dasa tsamiyar nan."

Mas'ud bai tsaya musu ba. Ya je ya durƙusa a gaban Malam Falalu, suka gaisa a tsanake, ya roƙi a zagaya da shi gonar. Suka bi gamba tushe-tushe yana ɗaukar kowace kwana da wayarsa. A gindin tsamiyar ya buɗe kwamfuta ya shigar da abin da ya ɗauka, layin ya lanƙwashe ya rungumo bishiyar.

Dattijon ya daɗe yana kallo. "Ba zai sake miƙewa ba?"

"Na kulle wurin, Baba. Gobe zan liƙa sabuwa."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Falalu ya riƙe hannun angon ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Hafiza na ba ka. Tsamiya dai, ka gaya wa kwamfutarka, ban ba kowa ba."