Aljihun Baffa Labaran

Rana ta take tsaka a Ɗorayi, ƙarafan da aka jibge a filin gwangwan na Baffa Labaran sun ɗauki zafin da ko kaji ba sa iya takawa, amma ga Sauda durƙushe a tsakaninsu da tsohon ciki, tana ware jan ƙarfe daga baƙi da hannu tsirara. Yatsunta duk sun tsage, gumi na zubo mata har cikin ido, ta kasa bambance shi da hawaye. Marainiya ce, tun tana rarrafe iyayenta suka rasu, ƙanin mahaifinta Baffa Labaran ya ɗauke ta, kuma bai taɓa barin ta manta da wannan alherin ba ko da na yini guda. Yanzu ya ɗauko ta daga ɗakin mijinta a Na'ibawa, ya rantse a gaban jama'a sai ya raba auren. Ɗaki ma bai ba ta a cikin gida ba. Can ƙarshen fili, bayan tulin matattun injina da tsofaffin batiran mota, akwai wata rumfa da awaki suka tashi daga cikinta, nan aka shimfiɗa mata buhu. Allah sarki, Sauda!

"Kin yi shawara?" Baffa ya tambaya yana tsaye a kanta, hannunsa dafe da cinyarsa ta dama. "Mu je gaban alƙali ki ce ba kya son ɓarawo, yau ɗin nan ki dawo ɗakin da kika tashi a ciki."

"Baffa, ku yi haƙuri," ta ce, kanta a ƙasa. "Ba zan iya cewa ɓarawo ne ba, ban san shi da sata ba."

"To ki ci gaba da zama da awaki."

Mijin nata, Kofur Abdulbaƙi, ɗan sanda ne mai riƙe da bindiga a ƙofar wata masana'antar bututun ƙarfe da ke Challawa. Gadinsa ba irin na sauran ƙofofi ba ne. A cikin masana'antar akwai wani ɗaki mai kaurin bango da alamar rawaya a ƙofarsa, inda ake ajiye wani sinadarin nukiliya a cikin tukunyar dalma, da shi ake haska walda don a ga ko ta kama. Ranar da aka ba Abdulbaƙi wannan ƙofa an karanta masa doka dalla-dalla: yana da ikon tsayar da kowace mota, ya bincike ta, ya bincike jikin kowa, ya tsare mutum har hukuma ta iso, ko da mai masana'antar ne. Ba zai harba ba sai rai na cikin haɗari, ba zai bar ƙofa ba sai an canje shi. Aka rataya masa wata 'yar na'ura mai kuka in ta ji sinadarin a kusa. Ya dawo gida ranar yana ba Sauda labari da muryar wanda ya ga abin tsoro, yana cewa abin ba ya hayaƙi, ba ya wari, ba a ganin haskensa, amma yana ratsa nama kamar yadda ruwa ke ratsa tsumma.

Baffa Labaran kuwa shi ke kwasar gwangwan ɗin masana'antar. A shekarun nan, wajen 2006, 'yan gwangwan sun haukace da neman wani abu da suke kira makyuri, wai yana ɓoye cikin tsofaffin na'urorin Turawa, wanda ya samu ya rabu da talauci. Shu'aibu mai kula da sito ya raɗa wa Baffa cewa abin da ake gadi da bindiga ai ba ƙaramin arziki ba ne. Ya turo masa tukunyar cikin tarkace, Baffa ya laɓe bayan juji ya fasa ta da kurfi, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli da bai kai ƙwallon dabino ba, ya jefa a aljihun wandonsa, ya cilla tukunyar bayan a-kori-kura saboda dalmar.

Da motar ta iso ƙofa, na'urar Abdulbaƙi ta fashe da kuka. Ya durƙusa ya gaida surukinsa kamar yadda ya saba, sannan ya miƙe ya sauke ƙarfen ƙofa. Baffa ya daka wa direba tsawa ya wuce, Abdulbaƙi ya tsaya a gaban motar, bakin bindiga na kallon ƙasa, ƙafarsa ba ta gusa ba. Ma'aikatan da suka tashi daga aiki suka yi cirko-cirko. Abdulbaƙi ya hau bayan motar ya tono tukunyar, ya riƙe motar da direbanta. Saura mutum ɗaya a bincika.

"Hannu za ka sa a aljihuna?" Baffa ya ce yana buɗe hannuwa. "Ni da na ba ka 'ya? Bismillah, zo ka laluba ni a gaban mutane."

Nan fa Abdulbaƙi ya kasa. Mutumin da ko sunansa ba ya faɗa, ko idonsa ba ya kallo, ko abinci ba ya ci a gabansa, yaya za a yi ya lalube masa wando? Na'urar na ta kuka, ya gaya wa kansa tukunyar take yi wa. Ya sunkuyar da kai ya matsa gefe, Baffa ya karkaɗe babbar riga ya fice a ƙafa. Da masana suka zo suka duba tukunyar, wayam, babu komai a ciki. Shu'aibu ya rantse da Alƙur'ani cewa ya ga Kofur yana zagaya ɗakin, Baffa ya rantse shi ma cewa surukinsa ne ya ce ya fitar masa da tukunyar, da ya ga idon jama'a ya juya masa baya. Aka karɓe bindigar Abdulbaƙi, aka rufe shi a gadirun na 'yan sanda har a gama bincike. Daga nan ne Baffa ya je ya ɗauko Sauda.

Wahala kuma ba ta tsaya nan ba. Ba a jima ba Baffa ya fara amai, cinyarsa ta yi ja, ta kumbura, ta yi bororo ta fashe. Aka shafa man shanu, aka ɗaura ganye, aka sha rubutu, ciwon sai ƙara zurfi yake kamar ana haƙa shi da cokali. Matarsa Inna Indo ta fito tsakar fili tana nuna Sauda da muciya.

"Ke ce. Ke da mijinki kuka yi masa jifa. Mun rene ki, kin saka mana da sammu."

Daga ranar aka hana ta taka cikin gida, aka ware mata kwano, yaran gidan da ta goya a bayanta aka hana su gaishe ta. Maƙwabta suna ganinta sai su tofa addu'a su kauce. Takan zauna a rumfar awakin ta rungume cikinta tana kuka mara sauti... "Ya Allah, Kai ka san ban iya mugunta ba. Ka ba Baffa lafiya, Ka wanke bawanka da ke tsare, Ka bar mini aurena." Duk wanda ya ji yarinyar nan tana roƙa wa Baffa lafiya, wallahi sai zuciyarsa ta karye.

Wata safiya ta samu ta sulale zuwa inda ake tsare da mijinta. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Da ya ga hannuwanta sai ya juya wa bango fuska yana share ido.

"Ni na jawo miki, Sauda. Ban saci komai ba, amma na yi laifi ɗaya da na kasa faɗa wa masu bincike don kunya. Doka ta ce in bincike kowa, ni kuma na kasa taɓa aljihun Baffa."

A hankali Sauda ta ce, "Kofur, wane aljihu? Don Baffa na kwance da wani gyambo a cinyar dama, daidai inda aljihu ke kwanciya."

Abdulbaƙi ya miƙe zumbur, ya riƙe ƙarfen taga. "Innalillahi... yana gidan. Abin yana gidan, ke kuma da ciki kina kwana a can." Ya sassauta murya. "In na faɗa, Baffa ya tafi kurkuku, danginki ba za su yafe miki ba har abada. Ban isa in yanke miki wannan ba."

Hawaye suka ɓalle mata. Mutumin nan dai shi ya ciyar da ita, shi ya aurar da ita, komai muguntarsa shi ne ragowar jinin mahaifinta. Amma ta tuna ƙananan yaran da ke wasa a ƙofar ɗakinsa kullum.

"Kira su," ta ce. "Akwai yara a gidan."

Abin da Ɗorayi ta gani da hantsin ranar, tsofaffin unguwar har yau in suna ba da labarinsa sai sun rage murya. Motoci suka cika layin, jami'ai masu bindiga suka ja igiya suka zagaye gidaje, suka fitar da kowa, mai dafa abinci ta bar tukunya a wuta, tela ya bar keke. Mai unguwa ya taho da sandarsa zai shiga, wani sajan mai suna Gidiyon ya rusuna masa cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ko mahaifina ne ba zai tsallake igiyar nan ba." Dattijon ya dubi fuskarsa, ya ja da baya. Ba wanda ya ɗaga bindiga, ba wanda ya ɗaga murya, amma dubban mutane suka tsaya tsit kamar a sahun salla.

Wata jami'ar hukumar nukiliya, Madam Hannatu, ta shiga da na'ura a kan doguwar sanda. Tun daga zaure na'urar ta fara ƙit... ƙit... tana matsawa tana ƙara sauri, da ta doshi ɗakin Baffa sai ta koma kururuwa guda mara yankewa, har na bayan igiya suna ji. Aka kawo awartaki mai tsawon gora, aka jawo wani gwangwanin madara da Baffa ya ɓoye abin a ciki daga ƙarƙashin katifa, aka juye shi cikin sabuwar tukunyar dalma. Waɗanda suka hango daga kan katanga sun ce ɗan abu ne kamar tsakuwa. Aka rufe murfin, kururuwar ta ɗauke ɗif. Jama'a suka ɗauki salati. Ɗan abin da yaro zai iya haɗiyewa, shi ya kwantar da ƙaton mutum, shi ya tashi unguwa guda. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya halicce shi!

Aka jera mutanen gidan ana tambayar kowa inda yake kwana. Inna Indo, wadda ta yi ta jinya a kan katifar nan, tuni gashinta ya fara zuba, aka sa ta a mota. Yaran aka ce za a kai su a auna jininsu, Allah ya taimaka ɗakinsu na can gefen zaure. Da aka zo kan Sauda, Madam Hannatu ta dubi cikinta, fuskarta ta canza.

"Ƙanwata, a wane ɗaki kike kwana?"

Sauda ta nuna rumfar awaki cikin jin kunya. Matar ta taka har can, ta auna, ta sake aunawa, ta tsaya tana kallon tulin injina da batiran da suka tokare tsakanin rumfar da gidan. Ta dawo idonta cike da ƙwalla ta kama hannun Sauda.

"Duk gidan nan babu inda abin bai kai ba sai wurin nan. Nisa da ƙarafan nan su suka tare miki. Wanda ya kore ki can bai san abin da ya yi miki ba."

Sauda ta zube ta kai goshinta ƙasa, kuka ya ci ƙarfinta.

Sai ga Baffa an fito da shi a kan gadon marasa lafiya, ya zama kamar ba shi ba. Idonsa ya faɗa kan Abdulbaƙi, wanda aka kawo a bayan mota da ankwa a hannu. Baffa ya ɗaga yatsa aka tsaya.

"Ku kwance shi," ya ce. "Ni da Shu'aibu ne. Yaron nan kunyata ya ji, ni kuma na yi amfani da kunyar na kashe shi da rai." Ya juyo da ƙyar. "Sauda... koma ɗakinki. Ki yafe mini in za ki iya."

"Na yafe, Baffa," ta ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Kotu dai ba ta yafe ba. Shu'aibu aka cafke shi a tasha yana shirin gudu, Baffa likitoci suka yanke masa ƙafar daga cinya, daga asibiti aka wuce da shi gidan yari, filin gwangwan ɗin aka rufe shi. Abdulbaƙi ya sha faɗa mai zafi a gaban manyansa saboda binciken da ya tsallake, ya amsa laifinsa bai yi musu ba, sannan aka wanke shi daga sata aka mayar masa da kakinsa.

Duk da haka hankalinsu bai kwanta ba, don likita ya ce ba a gama sanin komai sai an haihu. Ranar da naƙuda ta zo, Abdulbaƙi ya kasa zama, ya kasa tsayuwa, yana ta kai da komo a barandar asibiti da carbi a hannu, yana tuna gyambon Baffa yana runtse ido. Can sai kuka ya tashi daga ciki, kuka mai ƙarfi na jaririn da ya zo da lafiyarsa. Ungozoma ta leƙo tana dariya ta ce mace ce, an duba ta ciki da bai, babu abin da ya same ta. Ƙaton ɗan sandan nan ya sulale a jikin bango ya zauna daɓas yana kuka kamar yaro.

Da aka bar shi ya shiga, Sauda ta miƙa masa jaririyar da hannuwanta masu tabo, ya karɓa ya yi mata kiran salla a kunne.

"Kofur," Sauda ta ce, murmushi da hawaye a haɗe, "ka je ka share ɗakinmu. Gida za mu koma."