Ta Shida a Faifan Baffa Tanimu

An ɗauke wuta bayan sallar isha'i, muka fito da tabarma tsakar gida. Mu huɗu ne, sai Yaya Indo, 'yar wan babanmu, ta biyar. Sagir ya kunna waƙa a waya. Kafin mawaƙin ya buɗe baki ta fizge wayar ta kashe.

"Sau nawa zan faɗa maka? Ba a kunna kiɗa a gidan nan in Baffa Tanimu yana ciki."

"To ai ɗakinsa yana can ƙarshen gida," in ji Sagir. "Kuma kunnensa cike yake da auduga."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ku yi ta dariya. Wallahi kuna ba ni haushi. Ku matso ku ji inda audugar ta samo asali, amma ku yi ƙasa da murya."

Muka matsa. Ga abin da ta gaya mana.

Kafin a haife ku, duk Gusau babu mai kunnen Baffa. Sana'arsa gyaran rediyo, amma ba ita ta yi masa suna ba. A lokacin masu hali sun shiga yayin na'urar faifai, irin mai tsadar nan da ake ajiyewa a falo da manyan sifiku biyu. Mutum zai sayo ta da kuɗin mota, amma bai san ko tana da kyau ba. Sai a aika a kira Tanimu.

Yana da ƙa'ida. Ba ya kallon na'ura, wai ido maƙaryaci ne, da ya ga ƙyalli sai ya ruɗi kunne. Kujera yake sa wa a tsakiyar ɗaki, ya ɗaure idonsa da ƙyalle. Abokinsa Jatau ne ke sa faifai yana canza na'ura. Faifan kuma guda ɗaya ne, nasa na kansa, wani tsohon kiɗan garaya. Mutum biyar ne a ciki: mai garaya, mata biyu masu kaɗa ƙwarya, mai caki, da mai waƙa. Na'ura mai kyau, in ji shi, sai ka nuna da yatsa inda kowannensu yake zaune.

Kuma ba shi da kara ko kaɗan. Ya taɓa ce wa wani Alhaji a gaban baƙinsa, "Wannan ai tukunya ka sayo." Haka yake. In ya ji abu sai ya faɗa.

To akwai abin da ya hana shi sakat. Wajen tsakiyar faifan nan, in garaya ta yi ƙasa, yana jin wani abu. Ba kiɗa ba ne, ba kuma ƙarar na'ura ba. Ɗan motsi ne kawai, sai ya ɓace. Ya gwada a na'ura ta fi ashirin. Ya wanke faifan, ya canza wayoyi, ya ja sifiku gaba ya mayar da su baya. Jatau ya ce shi bai ji komai ba. Inna Kande, matarsa, ta ce, "Malam, abin da ya ɓuya maka ka ƙyale shi." Ya yi tsaki ya bar mata tuwonta. Wata uku yana faɗa da kowa a kan abin da ba wanda ya ji sai shi.

Ran nan da tsakar rana, rana ta take, layin shagunan ya yi tsit. Jatau ya tafi suna a ƙauye. Baffa na sunkuye a kan wata rediyo, sai ya ji an ce, "Salamu alaikum, mai kunne."

Ya ɗago. Wani dogon mutum ne cikin farar riga, tsaye a bakin ƙofa. Ku lura, tsakuwa ce shimfiɗe a gaban shagon. Ko kaza ta taka sai Baffa ya ji. Wannan bai ji zuwansa ba.

"Ina da na'ura uku," in ji mutumin. "Ina so in san wadda ke faɗin gaskiya."

"Sai gobe. Abokin aikina ba ya nan."

"Ni zan canza maka."

"Ba na aiki haka."

"Ɗaya daga cikinsu tana fito da abin da ke tsakiyar faifanka."

Baffa ya ajiye abin da ke hannunsa. Mai hankali a nan zai tambaya, wa ya gaya maka? Shi bai tambaya ba. Wannan shi ne abin da ke ƙona min rai har yau. Ya ɗauki faifai da ƙyalle.

"Nawa ne ladanka?" in ji mutumin.

"In dai zan ji abin nan sosai, ba na son ko sisi."

"Ka faɗa da bakinka."

Suka bi ta bayan tsohon gidan gurzar auduga, ta wata siririyar hanya da ciyawa ta cinye. Mutumin na gaba, Baffa na baya. Takun mutum ɗaya kawai yake ji, nasa.

Gidan mutumin yana da tsabta. Falo babba, fanka na juyawa a sama, kujera ɗaya tal a tsakiya, an riga an ajiye ta daidai inda shi zai ajiye. Ya zauna. Ya ɗaure idonsa da hannunsa.

Ta farko ta tashi. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗaga hannu.

"Cire. Ta kumbura ƙwarya, ta danne mai waƙa."

Ta biyu ta tashi.

"Wannan kuma tsini gare ta. Cakin yana soke min kunne. Ɓata min lokaci za ka yi?"

"Saura ɗaya."

A nan ne ya lura da muryar. Kowane ɗan Adam yana jan numfashi kafin ya yi magana. Wannan ba ya ja. Kuma murya a ɗaki tana da wuri, tana dukan bango ta dawo. Tasa ba ta zo daga dama ba, ba ta zo daga hagu ba. A cikin kansa kawai yake jin ta.

Ta uku ta tashi.

Baffa ya ce bai taɓa jin irinta ba, kuma ba zai ƙara ba. Bangon falon ya tafi. Ga mai garaya nan, har ƙarar farcensa a kan tsirkiya. Ga masu ƙwarya a hagu, ɗaya ta fi ɗaya nauyin hannu. Ga mai caki, ga mai waƙa yana haɗiyar yawu. Hawaye ya jiƙa ƙyallen, don daɗi.

Sai iskar fanka ta tsaya. Ya ji ta tana rage gudu har ta yi shiru. An ɗauke wuta. Kiɗa bai tsaya ba.

Garaya ta yi ƙasa.

"Mutum nawa ka ji?" in ji muryar.

Da ya ce biyar, da yanzu yana shagonsa. Kalma ɗaya ce. Amma Tanimu ne, a ce ya ji abu ya yi shiru?

"Shida."

"Wace ce ta shidan?"

"Mace ce. Tana bayan masu ƙwarya. Ba ta kiɗa, ba ta waƙa. Akwai munduwa a ƙafarta."

"Me take yi?"

"Tana saurare."

"Yanzu fa?"

Baffa ya kasa kunne. Munduwa ta yi ƙara sau ɗaya. Ta sake yi.

"Ta tashi."

"Ina ta nufa?"

Baffa ya bi ta da kunne. Ƙarar ta wuce masu ƙwarya. Ta wuce mai garaya. Ta wuce inda sifika take, inda babu abin da ya isa ya wuce. Yanzu a kan simintin falon take.

"Ƙanwata ce," in ji muryar. "Son garaya ya kai ta inda ake ɗaukar kiɗan nan, aka ɗauke har da ita. Shekara arba'in tana ciki. Ba ta da ƙofar fita sai kunnen da ya ji ta."

Munduwa ta tsaya a gefensa na hagu. Ya ji numfashi a kunnensa, mai sanyi kamar ruwan randa. Wani abu ya ratsa kunnen ya wuce. Sai a lokacin ya tuna da Ubangijinsa. Ya fara a'uziyya da ƙarfi, ya fizge ƙyallen.

Kango ne. Babu rufi, babu fanka, babu na'ura. A kan wani dutse yake zaune, rana na dukan kansa, faifan na ƙasa a tsage biyu. Ya zura da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Daga bayansa ya ji muryoyi biyu, ta mace tana dariya, ta namiji tana cewa, "Ladanka yana kunnenka. Za ka ji sosai."

Ya kuwa ji. Tun daga ranar kunnensa na hagu ba abin da ke wuce shi. Yana jin tafiyar tururuwa a bango. In an kunna kiɗa yana jin waɗanda ke zuwa saurare, waɗanda mu ba ma gani. Na dama kuma yana nan irin na kowa. Kunnuwa biyu sun daina yarda da juna, to da wanne zai auna na'ura? Masu kuɗi suka aiko har suka gaji. Ya rufe shago. Mutumin da kiɗa ne rayuwarsa, yau shekara ashirin da biyu bai saurari ko ɗaya ba. Audugar ma ba ta tare komai, rage masa kawai take yi.

Yaya Indo ta miƙa wa Sagir wayarsa.

"Saboda haka hanyar bayan gidan gurza, ko da rana tsaka, kada wanda ya bi ta shi kaɗai. Kuma kada ka rufe idonka a ɗakin wanda ba ka ji takunsa ba."

Uwani, ƙaramarmu, ta riƙe zanen Yaya Indo. Sagir ya yi ƙarfin hali ya raɗa, a hankali ƙwarai, "Ni dai ban yarda ba."

Daga can ƙarshen gida, bayan ɗakuna huɗu da rumbu, muryar Baffa Tanimu ta taso.

"Ba dole sai ka yarda ba, Sagir. Indo!"

"Na'am, Baffa."

"Ku nawa ne a kan tabarmar nan?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mu biyar ne, Baffa."

Muryarsa ta sake tasowa.

"Ɗazu kafin yaron nan ya kunna waƙa ku biyar ne. Yanzu shida nake ji. Ku tashi ku shiga ɗaki. Kada kowa ya waiwaya."