Ruwan Lagireto a Gindin Aduwa

Yarana suna min dariya in na hana su watsar da ruwan zafi a ƙasa babu bismillah. Su yi ta yi. Ni na san abin da na ji daga bakin Yaya Sallau, ɗan wan babanmu, bakanike a Maraɗi. Ya zo mana Jibiya wata shekara, bayan isha'i muka zagaye shi a tabarma. Ya rage murya, ya ce, "Duk mai tsoro ya tashi yanzu." Ba wanda ya motsa.

Ya ce wani attajirin matashi, Bukari, ya ɗauke shi aiki a tseren motoci. Mota ta fi ɗari, ƙasa bakwai za a ratsa, daga bakin teku can arewa, a keto hamada. Bukari a sitiyari, shi kuma gyara.

Rana ta tara, daidai tsakar rana, mota ta ɗau zafi. Babu gari, babu rijiya. Aduwa ɗaya ce tsaye a fili, suka raɓa inuwarta.

"Zubar da ruwan nan ka sa sabo," in ji Bukari.

"Maigida, tafasa yake. Bari ya huce. Kuma gindin itace ne, rana tsaka."

"Mota uku sun wuce mu. Tsere muke ko wa'azi? Buɗe."

Yaya ya ce haushi ne ya cika shi, ya kwance lagireto bai ce komai ba. Ko bismillah. Ruwa ya kwarara cikin saiwa. Sai ya ji kuka, siriri, kamar na jinjiri. Sau ɗaya. Bukari ya yi dariya ya ce iska ce.

Washegari a bakin iyaka, ana duba takardu, ga mace tsaye da goyo. Ta rufe goyon ruf da zane. Yaya ya duba yashi, babu sawunta. Ta tsaya a gabansa, bakinta na motsi, amma muryar daga bayan kunnensa take fitowa.

"Bawan Allah, a taimaka da ruwan sanyi. Ɗana ya ƙone."

Ya ɗauko jarka. Ya sake ta da sauri. Ruwan ciki tafasa yake.

Daga ranar ruwa ya juya musu baya. Su cika salka a sansani da sanyinta, kafin su kai baki ta zama kamar an sauke daga murhu. Wasu direbobi su miƙo kwalba mai raɓa, tana shiga hannun su Yaya sai tururi. Sai su ajiye ya huce, ya ƙi hucewa. Leɓe ya tsage, harshe ya kumbura. Kuma kowace iyaka suka isa tana nan, ta riga su, alhali mota gudu take.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ba ku yi addu'a ba?"

"Mun yi. Amma mu ne da laifi."

Kwana uku a haka. Ran na huɗu mota ta mutu a rairayi, rana tsaka. Suna ɗaga kai, tana zaune a kan bonet. Ta kwance goyon a hankali ta nuna musu. Yaya bai faɗa mana abin da ya gani ba.

"Barci yake a inuwa," ta ce. "Da kun yi sallama da na ɗauke shi. Wa ya zuba?"

Bukari ya nuna Yaya. "Shi ne. Ni direba ne kawai."

"Ni ne, baiwar Allah," in ji Yaya. "Ki yafe min."

"Ban zo yafiya ba. Kana da 'ya a Maraɗi, wata biyar. Gobe uwarta za ta dafa mata ruwan wanka. Ko ita, ko hannun da ya buɗe."

Murfin lagireto ya kwance da kansa.

Yaya ya ce bai tsaya tunani ba. Ya ɗora hannunsa na dama a bakin lagireton. Bai san tsawon lokacin ba. Da ya farfaɗo, babu ita, jarka na gefensa da sanyi kamar na sabon tulu. Ya sha, ya sha. A nan ya matso da hannun kusa da fitila muka gani. Yatsu uku a manne, fata fara sol. Na rufe ido.

Ya miƙa wa Bukari jarkar. Tana taɓa tafinsa ta fara huci.

Bukari ya kai ƙarshen tseren, har kofi aka ba shi. Ya yi shekara shida a duniya bai ƙara sanin sanyin ruwa ba. Alwala azaba, wanka azaba. In hadari ya haɗu sai ya ruga ɗaki, don ɗigon ruwan sama ma tabo yake bar masa. An kai shi wurin malamai har Agadas. Wani tsoho ya dube shi ya ce, "Abokinka ya biya na zubawa. Kai na dariya ake binka, kuma ita ba ta faɗi ranar gamawa ba."

Yaya ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"In tafiya ta kai ku hanyar nan, kada ku bi ta ku kaɗai. In mota ta yi zafi, ku tura ta cikin rana. Inuwar da kuka gani babu kowa, akwai mai ita."