Yankin da Aka Bar wa Tsutsa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, a durƙushe yake a gonar babanta, ya buɗe zuciyar wata masara da yatsu biyu yana leƙawa kamar mai duba kunnen jariri. Ta ajiye ruwan da ta kawo ta tsaya kallo. Ya zaro wata ƙatuwar tsutsa, maimakon ya murtsuke ta kamar kowa, sai ya jefa ta a kwalba, har da tsinko mata ganye.

"Ita ma sai an kai mata abincin rana?" in ji Auta.

Ya ɗago ya ga mai maganar, murfin kwalbar ya kuɓuce masa. Tun daga nan ta laƙaba masa Malam Tsutsa, kuma sunan ya bi shi har gidansu.

Daga cibiyar binciken noma aka turo shi. Ya roƙi Baba aron gefen gona, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya raba wurin gida huɗu. Yanki ɗaya ya sha takin shanu, ɗaya aka shuka wake a tsakanin masarar, ɗaya ana yi masa feshin ruwan darbejiya. Na huɗun kuwa ya kafa masa jan ƙyalle, ya ce kada kowa ya taɓa shi, ko da tsutsa za ta cinye shi ƙurmus.

Auta ba ta saurari bayanin ba, hankalinta na kan yadda yake sunkuyar da kai idan yana magana da Baba. Lambarta ma sai ta hannun yayanta ya samu, wai don ta riƙa sanar da shi idan an yi ruwa. Ruwa dai ya yi ta sauka a waya har a ranakun da ko gajimare babu.

"Autar Baba, yau na zo ban tarar da ke ba. Masara lafiya lau, mai duba ta ne ba lafiya."

Ta amsa: "Malam Tsutsa, ka sha ruwan darbejiya, an ce yana magani."

Ta kamu, kuma ta san ta kamu. Da ya turo kawunsa neman izini, ta ɗauka magana ta ƙare.

Baba ya ƙi. A lokacin yankin jan ƙyalle ya zama abin tausayi, ganye duk huji, masara ta tsugune ta ƙi tashi, masu wucewa suna nunawa. Baba ya ce ya ga yaron nan da idonsa yana tsaye kan masara tana mutuwa, hannu a aljihu, yana ɗaukar ta hoto. Wanda ya iya haka da abinci, me zai yi ranar da matarsa ta kwanta ciwo?

Ga kuma mai shagon maganin feshi, wanda ya daɗe yana kewaye gidan saboda Auta. Ya zo da babur da tanki a baya, ya feshe wa Baba sauran gonar kyauta, ya ce da za a ba shi dama da wancan yankin ma ya warke kafin mako. Inna ta fara cewa yaron akwai hankali.

Abin ya tsaya wa Auta a rai. A ganinta wannan yanki ne ya tsaya tsakaninta da aurenta, sai ta yi abin da zuciya ta ba ta. Kullum idan ta kai ruwa sai ta tsallaka igiyar, ta bi masarar ɗaya bayan ɗaya tana tsince tsutsa, ta zuba toka a zuciyar kowace. Har taki ta ɗebo ta barbaɗa. Masara ta farfaɗo, ta yi kore shar, ta fara goyo. Auta tana ta murna ta wanke masoyinta a idon Baba.

Da ya dawo daga wani aiki da aka tura shi, ya tsaya bakin igiyar yana duban masarar. Sannan ya ce aikin mai shago ne, kuma yanzu zai je ya same shi. Dole ta buɗe baki ta ce ita ce.

"Auta," ya ce a hankali, "wannan yankin shi ne ma'aunina. Da shi zan gane ko takin ya yi aiki, ko waken, ko darbejiyar. Yanzu duk sun zama ɗaya. Daminar nan ta tafi a banza."

Ya naɗe igiyarsa ya tafi. Wayarta ta yi tsit. Ta yi kuka, ta ji haushinsa, ta dawo ta ji haushin kanta. Daga ƙarshe ta rubuta: "Na so in gyara, na ɓata. Ka yafe mini. Idan ka rubuta cewa tsutsa ta cinye shi, ai ba wanda zai sani."

Amsa ta zo: "Na yafe tun kafin in kai bakin titi, abar ƙaunata. Amma ba zan rubuta abin da bai faru ba. Wani manomin zai karanta ya yi aiki da shi."

Ya gaya wa shugabansa gaskiya, ya sha faɗa, ƙarin girman da yake sa rai ya wuce shi. Bayan haka ya zo ya durƙusa gaban Baba, Auta tana laɓe bayan ƙofa. Ta ɗauka maganar aure ya kawo. Ashe aron gona ya sake nema, kuma ya faɗa ƙarara cewa baɗi ma zai bar yanki ɗaya ya lalace. Baba ya tambaye shi dalili. Ya ce idan bai bar ɗaya ba, duk shawarar da zai ba Baba zato ce kawai, shi kuma ba zai so Baba ya zuba guminsa a kan zato ba.

Baba ya sallame shi. Washegari da mai shago ya zo da sabon magani, Baba ya ce ya fesa, amma ya bar layi biyu a gani. Mai shago ya yi dariya, ya ce maganinsa ba ya buƙatar gwaji. Baba ya nace, shi kuma ya tuna yana da wani uzuri a shago. Bai sake zuwa da tankin ba.

Baba ya amince da Malam Tsutsa, aka sa rana bayan girbin baɗi. Sharaɗin Baba ɗaya ne: Auta ce za ta yi gadin jan ƙyalle. Haka ta yi damina guda tana tsaye bakin igiya, hannu a baya, tana kallon tsutsa na cin masara, ranta na suya. A ƙarshe yankin wake ya fi kowanne cika buhu, na jan ƙyalle ko kwando bai cika ba, kuma Baba ya fi kowa nuna wa maƙwabta bambancin.

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun watse, Baba ya kira su biyun. Ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya mai albarka, Inna tana share hawaye tana amin. Sannan ya kama hannun ango ya riƙe.

"Gona na ba ka, ka bar inda za ka bari," ya ce. "Wannan kuwa ba ta cikin gwaji. Ko yini ɗaya kada ka bar ta ba kulawa. Allah ya yi muku albarka."