Ginshiƙin da Aka Shayar

Da hantsi aka kira Sufeto: rumfar ƙofar wani gida ta rufto a kan mahaifiyar maigidan tana zaune a inuwa. Ko shurawa tsohuwar ba ta yi ba.

Maginin da ya gina rumfar yana tsugune tsakanin 'yan sanda biyu, don jama'a sun so su far masa. Yana jin maigidan na ihu, "Shi ya kashe min Inna! Ruɓaɓɓen dutse ya sa min!"

"Wane irin dutse ne?" in ji Sufeto.

"Na farar ƙasa, ranka ya daɗe," in ji magini. "Wallahi yana ɗaukar nauyi. Danshi ne ba ya so, shi ya sa na ɗora shi kan siminti."

Sufeto ya durƙusa. Ginshiƙi ɗaya ne ya karye, daga gindi, sauran kuwa garau. Ya murza gindin, dutsen ya marmashe kamar gari, yatsansa ya soma zafi.

"Kofur, ɗebo min ruwan batir daga motarmu."

Da aka kawo, Sufeto ya ɗiga a kan wani ɓaraguzi mai lafiya. Nan take dutsen ya hau kumfa yana tsuwa. Magini ya zaro ido: ashe ruwan batir ne ya cinye gindin ginshiƙin.

Shagon mai gyaran batir na manne da gidan. Sufeto ya leƙa.

"Malam, kana zuwa wajen rumfar nan?"

"Ni? Ko kallonta ba na yi, yallaɓai."

"To wannan farin layin da ya bi ƙasa daga ƙofarka zuwa gindin ginshiƙin fa?"

"Ruwan wanke hannu ne."

"Ruwan wanke hannu ne ya huhhuda maka ƙafar wando?"

Mai batir ya kalli wandonsa. Sai ya zube.

"Ginshiƙin ya tare min ƙofa, masu mota sun daina ganina. Kullum nakan zuba kaɗan, don ya tsage a rushe shi. Wallahi ban nufi Inna ba! Ita ke aiko min da ruwan sanyi!"

Kofur ya danna masa ankwa, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Sufeto ya dafa kafaɗar magini. "Tashi ka tafi gida, Baba."

Magini ya yunƙura zai tashi. Sai maigidan ya zo, idanunsa jawur, ya kama hannunsa ya ɗaga shi.