Jirgin Da Na Hana Tashi

"Ba zan sa hannu ba."

Na faɗa idona a kan allon kwamfuta, don na san in na ɗago na kalle shi zuciyata za ta ci amanata.

Kyaftin ya dafa teburina da hannu biyu. Ƙamshin turaren da ni na saya masa ya cika mini hanci.

"Auta, hadarin nan zai wuce kafin mu isa."

"Wataƙila."

"To?"

"Ba na tura mutane sama a kan wataƙila."

Ya rage murya don kada abokan aikina su ji.

"Masoyiya... Mama na cikin fasinjojin nan. Ƙanwata na ɗakin haihuwa tun safe, ita take ta kira. Kin san abin da wannan zai jawo mana?"

Na sani mana.

Shekaru na yi a kantar filin jirgi ina duba tikiti, ina murmushi har kumatuna su yi tsami. Jirgi ya makara, ni ake zagi. Jaka ta ɓata, ni ce mai ba da haƙuri. A nan ya fara ganina, wani fasinja na zazzaga mini masifa ina cewa "yi haƙuri Yallaɓai." Wai murmushina ne ya kama shi. Bai san a ranar na rantse sai na koma inda ake yanke hukuncin ba.

Na yi kwas, na faɗi jarrabawar yanayi, na sha kukana na sake zama. Yanzu ni ke tsara wa jirgi hanya, in lissafa mansa, in duba sararin da zai ratsa. Kuma ƙa'idar aikin ɗaya ce, jirgi ba ya barin ƙasa sai ni da matuƙinsa mun sa hannu. Ɗaya ya ƙi, babu tafiya.

Mama kuwa ba ta taɓa sona ba. Ina kanta ta ce ɗanta ya fi ƙarfin mai yagar tikiti. Da na bar kanta ta ce ba ta son mace mai ba maza umarni. Ni dai na rasa inda zan tsaya in burge ta.

"Ko da ni ne na roƙe ki?" in ji shi.

"Musamman da kai ne a ciki."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ko waiwaye babu.

Abin haushin, hadarin ya karkata ya yi gefe. Jirgin wani kamfani ya sauka a can lafiya lau. Namu bai tashi ba sai da yamma, kuma kafin Mama ta isa ƙanwarsa ta haihu, bayan ta sha wuya ita kaɗai.

Wata mai suna Fara ce a ƙofar shiga jirgi ranar, tsohuwar abokiyar aikina ta kanta, wadda ta daɗe tana yi wa Kyaftin fari da ido. Ita ta kai wa Mama ruwan sanyi, ta durƙusa har ƙasa.

"Ai Mama sama garau take. Budurwar ɗanki ce ta hana, don ta ga sunanki."

Washegari bai kira ba. Jibi ma haka. Na yi kuka a banɗakin ofis, na wanke fuska na koma kujerata. Ina son sa, so mai ciwo, amma ban kira ba.

Da Mama ta dawo ta aiko a kira ni.

Tana zaune a doguwar kujera, shi yana tsaye jikin taga. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ƙyar.

"Abu biyu nake so," ta ce. "Ki ce kin yi kuskure, sannan ki ajiye aikin nan. In ba haka ba, maganar aurenku ta ƙare a ɗakin nan."

Na gyara mayafina.

"Mama, na ji ciwon rashin ki a gefen 'yarki. Wallahi har yanzu yana cina. Ki yafe mini wannan."

"Kuskuren fa?"

"Ban yi kuskure ba."

"Jirgin wasu bai sauka ba?"

"Ya sauka. Sun yi sa'a, na kuma taya su murna. Amma gobe in na sake ganin abin da na gani, haka zan sake yi."

Ta juya gare shi.

"Ka ji ko? Wannan za ka ajiye mini a gida?"

Na riga na fara shirya yadda zan fita ba tare da hawaye ya zubo a gabansu ba.

"Na koma na duba abin da ta duba," ya ce a hankali. "Da ni ne a kujerarta, wataƙila da na bari an tashi. Amma da don ke na yi, Mama. Ranar nan hankalina na wurinki da ƙanwata, ba ya kan sama."

"Sai me?"

"Shi ya sa aka ce hannu biyu. Ta san za ta iya rasa ni, ta kuma ƙi. Duk ranar da ta sa hannu don ta faranta mini ko ta faranta miki, ranar ba zan hau jirgin ba."

Ya zo ya durƙusa kusa da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa.

"Na yi fushi da ke, Auta. Ban kyauta ba."

"Ba ka kyauta ba kam," na ce, hawayen da nake ta riƙo suka kufce.

Mama ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta ce ta amince ba, ba ta kuma sake cewa ta hana ba. Aka yi aurenmu tana ɗaure da fuska, Fara kuwa ta nemi canjin aiki. Ban ajiye nawa ba.

Bayan watanni ina kan kujerata da safe, wayata ta yi ƙara. Lambar Mama ce, wadda ba ta taɓa kirana ba.

"Ina filin jirgi, zan je ganin jikana," ta ce, muryar a cushe. "Na ga gabas ta yi duhu. Ke ce a kan aiki yau?"

"Ni ce, Mama."

"Kin sa hannu?"

"Na sa."

Ina jin hayaniyar fasinjoji a bayanta.

"To," ta ce. "Bari in hau."